Safiya Ɗaya A Bakin Ƙofar Kufai

Zuwa ga Sista Dilani, a ƙasar Siri Lanka.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da tambayar lafiyarki da ta Mama da ta duk wanda kuke kwana kuke tashi tare, ina fata jikin ya yi sauƙi. Ni ce Hajara, 'yar Nijeriyar da kuka yi shekara uku ɗaki ɗaya a gidan kwanan ma'aikatan asibiti a Riyad, mai gadon jikin taga.

Na san ba za ki iya karanta wannan takarda ba. Hausarki kaf kalma uku ce, biyu daga ciki ma zagi ne da kika tsinta a bakina ranar da tukunya ta ƙone ni. Ba ni da adireshinki, lambar wayarki kuma ta mutu tun shekarar da kika tafi. Shi ya sa na sa ta a shafina na intanet, inda 'yan uwana ke karantawa. Su karanta ɗin. A ɓoye na yi abin da na yi, gara a ji shi a fili.

Saura kwana shida in taso zuwa wurinki, in Allah ya yarda. Safiya ɗaya tak nake da ita in same ki, kuma saura ƙiris in zubar da ita da hannuna. Zan gaya miki yadda aka yi, amma sai na fara da abin da zai kawo ni.

Kin tuna ranar da aka kawo ki ɗakinmu? Na dawo daga aiki na tarar da wata 'yar siririyar mata ta shimfiɗa zanen gado mai furanni, ɗakin duk ƙamshin man kwakwa. Ban yi murna ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Na so a haɗa ni da Musulma. Sati guda ina amsa gaisuwarki da ka.

Ke kuwa ko a jikinki. Kika lura da lokacin da nake tashi sallar asuba, kika fara dafa shayi kofi biyu. Azumi ya zo, ba ki taɓa cin ko dabino a gabana ba, sai dai in dawo a gajiye in tarar da shinkafar kwakwa a rufe, da yajin da ya isa ya kashe doki.

Da aka bugo waya aka ce Inna ta rasu, ina tsakiyar aiki. Ke kika karɓi allurar daga hannuna, kika zaunar da ni a ƙasa, kika riƙe kaina. Kwana huɗu kina haɗa aikinki da nawa. A ranar ne kika tambaye ni abin da muke ce wa wanda yake cikin wahala, na ce miki sannu. Daga nan ba ki sake ta ba. In dawo daga aiki, sannu. In yi tuntuɓe, sannu. Har majinyata Larabawa sai da kika riƙa yi wa, suna kallonki.

Mun gano ma cewa wata ɗaya muke bi. Ni ina azumin kwana uku na tsakiyar wata, ke kuma ranar da ya cika sai ki sa fararen kaya, ki ƙi cin abinci bayan rana ta raba. Mukan zauna da yamma, yunwa na cin kowa, muna yi wa juna dariya.

To, a irin wannan rana ce kike buɗe ƙofar kabad ɗinki ki jingina wani hoto, ki kunna 'yar fitilar mai irin aci-balbal ɗinmu, ki ajiye fure ɗaya a gabansa. Sau ɗaya na kalli hoton daga nesa. Na ga wani ƙaton mutum-mutumi na dutse a kwance, na ɗauke kai. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a tsayawa kallon gunki. Shekara uku ina ɗauke kai.

Abin yana cina a rai. A wannan ɗaki nake salla, a nan nake karatu. Maimakon in buɗe baki in yi miki magana, ke da muke cin abinci kwano ɗaya, sai na tafi ofishin mudira, shugabar gidan kwanan. Na ce ina so a sauya mini ɗaki. Ta tambayi dalili. Da na ce minshari kike yi, da magana ta ƙare a nan. Sai bakina ya ja mini, na faɗi hoton, na faɗi fitilar.

Wallahi ɗaki kawai na je nema. Amma na san garin da muke, kuma ni ba yarinya ba ce.

Washegari aka zo bincike kina wurin aiki. Aka ɗauke hoton da fitilar, aka rubuta miki takardar gargaɗi, aka ce kina kunna wuta a ɗaki kina kuma yin abin da bai dace ba. Wata biyu bayan nan kwantaraginki ya ƙare, aka ƙi sabunta shi, aka buga miki bizar fita ta dindindin. Kika zargi mai shara, kika zargi matar ɗakin kusa da mu. Ina zaune a gefen gadonki ina taya ki jimami.

Ranar tafiyarki ni na ɗaukar miki jaka har bakin mota. Kika rungume ni kina kuka, kika ce da Larabcinmu na asibiti, wanda ba na kowa ba: "A duk garin nan ke kaɗai ce 'yar uwata." Na ce miki Allah ya kiyaye hanya. Ban ƙara komai ba.

Shekara biyu bayan tafiyarki aka sauya mudira. Sabuwar ta fito da wani kwali na kayan da aka taɓa ƙwacewa, ta ce kowa ya duba nasa kafin a zubar. A ciki na ga hotonki. Karo na farko na riƙe shi a hannuna, na dube shi da kyau.

Can ƙasa, kusa da ƙafar dutsen, ga wata 'yar yarinya da farar riga, ta riƙe furen bado da hannu biyu, tana dariya, haƙoranta na gaba babu. Hancinki, goshinki. Kin taɓa gaya mini kina da 'ya ɗaya, zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara shida, kuma ba ki da hotonta sai guda ɗaya. Ban taɓa tambayarki ina hoton yake ba.

Na zauna a ƙasan ofishin nan. Ban shiga tsakaninki da abin da kike bautawa ba, Dilani, wannan ba ni ke da hukuncinsa ba. Abin da na sani shi ne na raba uwa da hoton 'yarta, na raba ta da abincinta, sannan na karɓi godiyarta. Tun ranar hoton yana cikin ambulan a ƙasan akwatina, kuma babu azumin tsakiyar watan da na yi ban tuna ba.

Na neme ki. Na tambayi duk wata 'yar ƙasarku da ta zo aiki asibitinmu, babu wadda ta san ki. Abin da na riƙe kawai shi ne kin ce mahaifiyarki tana sayar da furen bado a bakin ƙofar wani tsohon birni da ya zama kufai, inda wuraren ibadar Buda na zamanin da suke, masu ziyara suna zuwa daga ko'ina. Sunan garin ma ya gagari harshena.

Sai wata biyu da suka wuce Sunil ya dawo daga hutu. Ba ku yi aiki tare ba, bayanki ya zo, ɗan ƙasarku ne mai tura keken majinyata a ɓangarenmu. Muna cikin lif na ce wa wani tsoho sannu, sai Sunil ya juyo yana dariya. Ya ce ai ya ji wannan kalma a gida. Ya kai iyalinsa ziyara kufan nan, wasu baƙaƙen fata masu yawon buɗe ido suka zo wucewa, wata mai sayar da fure ta miƙe tana ce musu sannu, sannu, su kuwa ba su gane ba. Ya tambaye ta, ta ce yaren 'yar uwarta ne da suka yi aiki tare a Riyad.

Lif ya tsaya, ya buɗe, ya rufe, ban fita ba.

Ya ce kin rame sosai. Ya ce ƙirjinki ba lafiya, ƙanwarki ce ke zaman rumfar yanzu, ke ba kya fitowa sai ranar da wata ya cika, don ranar ce masu ibada ke cika wurin. Bai tambayi inda gidanku yake ba, bai karɓi lamba ba. Mene ne nasa a ciki? Hira ce ya yi ya wuce.

A satin na fara shiri. Ba zan yi tafiya irin wannan ni kaɗai ba, sai na je unguwar Al-Badi'a wurin Yaya Isuhu. Kin san shi, wana direban nan da yake kawo mana kilishi, wanda kike cewa fuskarsa kamar an aiko shi karɓar gawa. Da na faɗi inda za mu, ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce mutane suna tara hutu su je Umra, ni ina tara nawa in je gidan gumaka. Ya ce me zai gaya wa mutanen gida.

Dole na gaya masa komai. Shi ne mutum na farko da ya ji. Da na gama, ya ce haƙƙin mutum haƙƙin mutum ne, ko me yake bautawa, kuma Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Ya kafa sharaɗi ɗaya: ƙafarsa ba za ta tsallake ƙofar ba, tawa ma haka. Na ce masa rumfunan fure a waje suke. Ya roƙi kafilinsa, maigidan da iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ke hannunsa, aka ba shi kwana huɗu cif.

Na zauna na tsara tafiya, har ina yaba wa kaina. Sunil ya ara mini kalandar ƙasarku, na nemo ranar cikar wata, na haɗa ta da lissafinmu, suka yi daidai. Na sayi tikiti: mu sauka da safiyar ranar, mu hau mota, tafiyar awa biyar ko fiye, mu isa garin bayan azahar, mu yi wanka mu huta, mu fito bakin ƙofa bayan la'asar. Washegari mu juyo.

Bayan la'asar. Ko daƙiƙa ɗaya ban tsaya na yi tunani a kai ba. Shekara tara ina garin da ba a fara rayuwa sai rana ta yi sanyi. Kasuwa bayan la'asar, ziyara bayan la'asar, ɗinki bayan la'asar. Wa ke fita da hantsi in ba aiki ba? A kaina duk duniya haka take.

Alhali kin gaya mini. Ranar da muka je kasuwar Dira sayen abaya, aka kira salla, masu shaguna suka ja ƙofofi, muka zauna a dakali kusa da tsohuwar fadar Masmak muna jira. Kika ce: "Garin nan sai yamma yake farkawa. A namu, war haka mai fure ta wanke kwandonta." Na yi dariya na ce ku ai kaji ne. Maganar ta fita daga kaina fit.

Shekaranjiya na nuna wa Sunil takardar, don kawai ya gyara mini sunan tashar mota. Ya karanta, ya sake karantawa, ya dafe kai. Ya ce ana buɗe ƙofar da sassafe, kuma kafin rana ta faɗi an rufe ta. Ya ce furen bado ba ya jure rana, cinikinsa na safe ne. Ya ce ke da kanki kin gaya masa da an buɗe ƙofa kike zama, da hantsi ya yi zafi ƙanwarki ta sa ki a a-daidaita ta mayar da ke gida. A lissafina, lokacin da kike tashi daga rumfa, ni ina layin duba fasfo.

Da ban nuna masa ba fa? Da na kwaso wana, na ƙetare teku, na tsaya gaban rumfar da aka kife, na juyo da hoton a jakata. Sai kuma wani watan, ni ba hutu, shi ba hutu, ke kuma ƙirji ba lafiya.

Gyaran ɗaya ne: mu tashi kwana ɗaya kafin nan, mu kwana a garin, gari ya waye mana a can. Nawa ɓangaren bai yi wuya ba. Na roƙi wata abokiyar aiki muka yi musayar rana, na je aka sauya tikiti. Matsalar ta Yaya ce. Shi ke kai 'ya'yan maigidansa makaranta, kuma fasfonsa yana cikin durowar mutumin.

Jiya da la'asar ya je ya roƙi ƙarin kwana ɗaya. Na jira shi a inuwar wani shago a bakin layinsu, ina ta kallon ƙofar gidan. Ya fi awa a ciki. Da ya fito bai dube ni ba, ya ce an ba shi. Sai da muka shiga mota na matsa masa, sannan ya faɗi sauran. An ba shi kwanan, amma a bakin hutunsa na Babbar Salla. Bana ba zai je gida ba. Shekara biyu rabonsa da 'ya'yansa, ƙaramar ma a waya kawai ta san shi.

Na ce ya koma ya ce ya fasa. Ya ce in rufe masa baki, ya kunna mota. Kin ga abin da kalma biyu a ofishin mudira suka jawo. Har yau ba su gama cin mutane ba.

Kuma har yanzu fasfon bai zo hannu ba. Maigidan ya ce gobe, in Allah ya so. Kin san goben garin nan, kin sha ta. Sai an buga wa Yaya izinin fita da dawowa kafin mu san inda muka tsaya. Duk sanda waya ta yi ƙara gabana sai ya faɗi. Yau sau biyu ina auna zafin jikin majinyaci ɗaya, har ya tambaye ni ko lafiya.

Na sake rubuta tsarin a sabuwar takarda, na ba Sunil ya duba sau uku, har ya fara guduna. Ya tuna mini agogonku yana gaban namu da awa biyu da rabi, wannan rabin ma ya isa ya kayar da mutum. Na sayi ƙaramin agogo na saita shi a lokacinku, yana hannuna na dama tun jiya. Da asuba na kalle shi, na ce yanzu an buɗe ƙofa. Da na isa wurin aiki na sake kallo, na ce yanzu da ta tashi. Lokacin kaɗan ne, Dilani. Bai kai rabin aikin safe ba.

Ga yadda za a yi, in Allah ya nufa. Mu sauka, mu kama hanya ba tsayawa sai salla. Mu nemi masauki mafi kusa da kufan, ko wane iri ne. Mu yi asuba, mu taka da ƙafa, mu tsaya a bakin ƙofa tun mai gadi bai zo da mabuɗi ba. Sunil ya ce ƙofofin sun fi ɗaya, ya zana mini wadda ya gan ki, kusa da wata babbar bishiya da wurin ajiye takalma. Idan ruwa ya sauko kika ƙi fitowa, ko jikin ya hana, zan bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya da hoton a hannuna har in sami ƙanwarki. Ban san yarenku ba. Na sa Sunil ya rubuta mini sunanki da rubutunku mai kama da zaren da ya warware.

Duk wannan ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba.

Na san ki. Da kin hango ni za ki zubar da kwandon, ki taso da wannan ƙirjin naki, ki rungume ni a gaban mutane. Za ki nuna ni ga ƙanwarki ki ce ga ta, ga wadda nake faɗa. In na miƙa miki ambulan kika ga fuskar 'yarki bayan shekara huɗu, za ki ɗauka alheri na zo yi. Kuma zuciyata ta riga ta fara raɗa mini cewa in bar shi a haka: in ba ki hoton, in sha shayinki, in koma Riyad ina 'yar uwarki. Ba wanda zai tona. Na taɓa yin shiru a bakin mota, na san yadda yake da sauƙi.

Shi ya sa na rubuta wannan takarda a inda mutane za su gani. Yanzu Yaya ya sani, duk wanda ya karanta ya sani, ba ni da hanyar komawa. Zan karanta miki ita layi-layi da guntun Larabcinmu, inda ya ƙare in cika da hannu.

Ina ƙaunarki, ƙawata. Ban taɓa gaya miki ba, har shayin ma ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba. Ba ni da 'yar uwa mace, kuma a ranar da na rasa uwa, cinyarki ce ta ɗauki kaina. Idan kin ji komai kika juya mini baya, kin yi daidai, ba zan bi ki da magiya ba. Hoton dai naki ne, da shi za ki koma gida ko me kika yanke.

Allah ya ba ki lafiya, ya sassauta miki ƙirji, ya ƙara wa Mama ƙarfi. Allah ya saka wa Yaya Isuhu, ya haɗa shi da 'ya'yansa da alheri. Allah ya sa fasfon nan ya fito, ya riƙe ruwan sama a wannan safiya, ya kai ni bakin ƙofa kafin a buɗe ta. Ya kuma ba ni ƙarfin buɗe bakina a inda na taɓa rufe shi.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Idan kin ɗaga kai kin gan ni tsaye ƙarƙashin bishiyar nan, kada ki yi saurin ce mini sannu. Ki bari in gama magana tukuna. In bayan nan bakinki zai iya furta ta, to, ita na zo nema.

Taki, mai gadon jikin taga,
Hajara.
Riyad.